Kilomita Ɗari Huɗu da Ashirin na Alhaji Sallau

Ranar da Alhaji Sallau ya shigo Matameye da motarsa mai aiki da lantarki, sau uku ya kewaya tasha kafin ya nufi gida, wai yana neman wurin juyawa. Farar a-kori-kura ce sabuwa fil, ba ƙugin inji, ba hayaƙi, sai dai ka ji tayoyi na taka tsakuwa a bayanka ka yi tsalle. Amma abin da ya fi motar tashe a gari shi ne wata lamba da ke jikin takarda mai sheƙi da aka haɗo shi da ita: kilomita ɗari huɗu da ashirin a caji ɗaya. Alhaji ya faɗe ta a ƙofar masallaci, ya faɗe ta a wurin suna, ya faɗe ta ga wanzaminsa aska na kan maƙogwaronsa. Kafin sati ya zagayo har masu sayar da rake a bakin hanya sun haddace ta.

Ƙanwarsa Malama Amatullahi, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ma ta ga takardar. Shekara goma sha shida tana koyar da fizik a lise, wato babbar sakandare, saboda haka idonta bai tsaya kan babbar lambar ba, sai ya gangara can ƙasa inda aka yi 'yan mitsi-mitsin rubutu. A nan masu motar suka ɓoye gaskiyarsu: an auna tafiyar ne a shimfiɗaɗɗiyar hanya, cikin sanyin gari, ba kaya, mutum ɗaya a ciki yana tuƙi a hankali. Ta yi tsaki a ranta. A ina aka taɓa ganin mota a ƙasar Kance da mutum ɗaya a cikinta? Ta miƙa masa takardarsa ta ce, "Allah ya sa alheri, Yaya." Abin da ƙanwa ke cewa ke nan.

Ita kifi ne ya dame ta. A fadamar Rafin Kuka, kilomita goma sha biyu daga gari ta hanyar yashi, akwai ɗan fili da ta gada wurin mahaifiyarsu. Nan ta haƙa kududdufi uku, ta shafe su da siminti. Burinta ta riƙa ƙyanƙyasar karfasa, domin masu kiwon kifi na yankin sai sun yi doguwar tafiya kafin su sami 'ya'yan kifi, rabi kuma su mutu a hanya. Akwai wata tashar kiwon kifi a Damagaram mai ba da iyaye na iri mai kyau, amma sai an rubuta suna an jira. Shekara biyu cur Amatullahi ta jira. Tsakiyar bazara aka kira ta, aka ce ta zo ranar Asabar ta ɗauki nata, mata casa'in da maza talatin. Wanda ya karɓa sau ɗaya kuwa, ƙarshen layi yake komawa.

Karfasa ba tarwaɗa ba ce. Tarwaɗa ko a buhu ka jefa ta sai ta kai gari tana harararka. Karfasa kuwa, da ruwa ya yi ɗumi iska ta ƙare a cikinsa, ba a jimawa za ta juya cikinta sama. Don haka Amatullahi ta tanadi gangar roba biyu manya, da ɗan famfo mai hura iska cikin ruwa, da batirinsa, ta kuma yi magana da wani mai tsohuwar mota za su fita da asuba. Sai labari ya kai kunnen Alhaji. Ya aika aka kira ta, ta same shi a zaure cikin mutanensa.

"Amatu, me nake ji haka? Ina da mota a gidan nan, ki je ki ɗauko gwangwanin wani? So kike a ce Sallau ya samu ya manta da 'yan'uwa?"

"Ba haka ba ne, Yaya. Ruwan ne da nauyi. Ganga biyun nan tan guda ne."

"Tan guda! Ɗari huɗu da ashirin fa, Amatu. Damagaram nawa ce? Casa'in. Zuwa da dawowa ɗari da tamanin. Ke ce malamar lissafi, cire mu gani." Mutanen zaure suka yi dariyar da ake yi wa mai gida. "Kuma akwai wurin jona wuta a bayanta. Ki jona ɗan famfonki ki huta."

Ta san amsar, har da yadda za ta zana masa ita a allo. Amma yayan da ya tafi cin rani Kano yana ɗan shekara sha bakwai, ya tura kurar ruwa, ya saya mata littattafan lakwal ta yi boko, ba a gyara masa lissafi a gaban mutanen zaurensa. Ta ce, "To, Yaya, na gode."

Ranar Asabar ba a fita da asuba ba, sai da hantsi ya dubi ƙarfe tara. Kwana biyu motar na jone, wutar gari na zuwa tana ɗaukewa, farantan rana na saman ɗakin Alhaji na ta ƙoƙarinsu, amma allon gaban direba ɗari uku da sittin ya nuna. Alhaji ya ce sauran sittin ɗin suna ciki, ba su fito ba ne. Abin da ya jinkirta su kuwa saƙo ne. Tun jiya gari ya ji motar Alhaji za ta Damagaram, kuma a Matameye ba a cewa a'a ga saƙo. Wannan ya kawo damin rake huɗu a kai wa surukinsa, waccan buhun albasa uku, wani tunkiya da igiyarta, ga wata tsohuwa za ta duba jikarta, ga maza biyar da kawai suke son su ce sun hau. Da Alhaji ya hango batirin Amatullahi a gefen ganguna sai ya ɓata rai.

"Batir a cikin motar da ita kanta batir ce? Inusa, sauke shi, kada a gani a yi mini dariya."

Inusa shi ne direba. Shekara talatin yana layin Matameye zuwa Damagaram, kuma duk motar da ya taɓa riƙewa allurar man tankinta matacciya ce. Da kara yake auna tanki. In mai ya ƙare, kowane ƙauye akwai mai teburin ruwa-ruwa da kwalaben esans a jere, a zuba biyu a wuce. Ya sauke batirin ya ajiye a zaure. Amatullahi tana kallo.

Ta zauna a baya, tsakanin tsohuwar da wani mai ƙaton rawani, inda take hango allon ta kafaɗar Inusa. Suna hawa kwalta Alhaji ya ce a nuna wa hanya abin da ake kira mota. Inusa ya taka. Motar kam ta iya gudu, wannan ba a ƙwace mata ba, ta wuce manyan motoci kamar a tsaye suke. An ƙure na'urar sanyi har tsohuwar ta ja mayafi ta rufe kunne. Amatullahi ba ta kallon gonaki, duwatsun kilomita na bakin hanya take ƙirgawa. Duk biyun da suka wuce, allo ya zubar da uku. Da suka shiga Damagaram, tafiyar casa'in ta cinye ɗari da arba'in da biyar, saura ɗari biyu da goma sha biyar.

Sai kuma rabon saƙo, unguwa-unguwa, kowane gida a sauka a gaisa a sha ruwa. Ba su isa tashar kifi ba sai da rana ta take tsaka.

Ma'aikacin tashar mutum ne mai kula. Ya fito da kifayen da koma, ragar kamun kifi, ɗaya-ɗaya, yana juya kowanne yana nuna mata mace da namiji. Kyawawa ne, kowace ta cika tafin hannu biyu, matan cikinsu ya yi taf da ƙwai. Amatullahi ta ji idonta ya kawo ruwa, ta juya ta gyara ɗankwali don kada a gani. Aka cika gangunan, aka jona famfo, ruwa ya fara tafasa da kumfar iska, famfon na ɗan gurnani a hankali. Bayan motar ya zauna sosai a kan tayoyinsa. Ma'aikacin ya dubi rana, ya dubi motar, ya ce, "Alhaji, da kun jona ta a nan ko na awa biyu ne. Yau muna da wuta."

Amatullahi ta ɗaga kai da sauri, zuciyarta na cewa Allah ya yi maka albarka. Alhaji ya yi murmushi irin na wanda aka yi wa tayin sadaka bisa kuskure.

"Mun gode, Malam. Ba roƙon wuta muka zo yi Damagaram ba. Ɗari biyu da goma sha biyar, gida casa'in. Har canji za ta ba mu."

"Yaya," ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "akwai sha biyun Rafin Kuka, ga nauyi."

"Ɗari da biyu ke nan. Kin ga na iya lissafin ni ma."

Duk gidan da aka kai wa saƙo ya mayar da nasa. Buhun siminti huɗu, ƙofar ƙarfe, keken ɗinki, sababbin fasinja uku a kan na da. Suka kama hanyar gida ƙarfe biyu da rabi, lokacin da ko kare ba ya barin inuwa. Yanzu lissafin ya sake: duk dutse ɗaya, allo ya zubar da biyu. A Takeita, bayan kilomita hamsin da uku, ɗari da ashirin ya rage. Amatullahi ta buga a ranta: saura arba'in da tara zuwa bakin kududdufi, a ninka biyu, kusan ɗari. Za a kai, da ƙyar, in ba wanda ya sake yin wata bajinta.

Ashe bajintar tana gaba. Kafin Kance akwai wani ƙauye a bakin hanya inda aka yi rasuwa kwana uku da suka wuce, kawun wani abokin cinikin Alhaji. Ga rumfa, ga tabarmi, ga mutane zaune. Ba a wuce zaman makoki da mota a ɗaga hannu kawai, wannan ita ma Amatullahi ta sani, kuma ba ta ga laifinsa ba. Aka tsaya. Allo na nuna tamanin da biyar. Ta ce a ranta, a yi addu'a, a shafa, minti goma.

Ta shiga wurin mata ta yi gaisuwa, ta fito a gurguje. Ta tarar an buɗe ƙofofin motar duka huɗu, sanyi na ta kwarara cikin bazara, dattawan ƙauye na shiga bi da bi, kowa ya zauna ya lumshe ido ya ce tabarkalla ya ba na baya wuri. A bayanta an jona doguwar waya mai baki da yawa, wayoyin hannu sun kai talatin a kan tabarma. Waɗannan ba su dame ta ba, ta san abin da waya ke sha bai taka kara ya karya ba. Butar shayi mai lantarki da aka ɗora ita ce ta fara tsaya mata a rai. Sai kuma ta ji mai gari na gaya wa Alhaji cewa injin rijiyarsu ta burtsatse ya lalace tun shekaranjiya, ga baƙi cike da gari, mata sai sun yi nisa kafin su samo ruwa.

Alhaji ya miƙe tsaye, babbar rigarsa ta buɗe. Amatullahi ta san wannan miƙewar tun suna yara.

"Ruwa? Ai ga wuta nan na kawo muku har gida. Inusa, matsa da ita bakin rijiya."

Ta matso kusa da shi har tana jin ƙanshin turarensa. "Yaya, kifin."

"Amatu," ya ce, bai ko rage murya ba, "gidan mutuwa ba ruwa, ke kina zancen kifi?"

Idanu suka juyo kanta. Me za ta ce? Ta tsaya a gaban masu makoki ta yi musu darasi, cewa tankin da za a cika zai sha abin da zai kai mota Matameye? Ta sunkuyar da kai ta koma gefen gangunanta, ta sa hannu a ruwan. Ya yi ɗumi. Famfon rijiya ya kama aiki, mata suka yi ta guɗa ƙasa-ƙasa saboda makoki, aka yi ta sa wa Alhaji albarka har da iyayensa, waɗanda su ne nata iyayen. Awa ɗaya da rabi aka yi a ƙauyen. Da suka tashi, allo na nuna hamsin da biyu, tafiya kuma saura ashirin da tara.

A hanya ta yi ƙarfin hali ta ce a kashe sanyi a rage gudu. Inusa ya dube ta ta madubi da tausayin da tsohon direba ke yi wa mai ilimin takarda.

"Malama, kwantar da hankalinki. Ba motar da aka taɓa ƙerawa ba a ɓoye mata rezab, ɗan man ajiya, ba. Allura tana kwanciya ƙasa ki yi talatin a kanta. Masu yin mota sun san halin mutane, tsoratarwa ce kawai."

"Wannan ba allura ba ce, Malam Inusa."

"Duk ɗaya ne. Mota mota ce."

Suka shiga Matameye bayan la'asar da ashirin a allo. A nan ne, in ana neman inda abin ya lalace, ya lalace. Batirinta na zaure, tafiyar minti uku daga kwalta. Gidan Alhaji na nan da wayar cajinsa. Mai tsohuwar motar da ta fara magana da shi yana tasha, ta ma hango shi zaune a kan benci. Kalma ɗaya mai ƙarfi za ta wadatar. Amma Alhaji ya sa aka tsaya a tsakiyar tasha don a sauke mutane da siminti inda kowa zai gani, direbobi suka kewaye motar suna tambaya, shi kuma ya sauke gilashi yana ba da labari: Damagaram zuwa da dawowa, tan guda na ruwa, har rijiyar wani gari ta tayar, kuma ba a jona ta ko'ina ba.

"Yaya, mu biya gida mu ɗauki batirin nan," ta ce.

"Kun ji Malama," Alhaji ya ce wa direbobin yana dariya. "Lamba take tsoro. Ashirin a allo, tafiya sha biyu. Ku gaya mata, ashirin da sha biyu wanne ya fi?"

Aka yi dariya. Wani ya ce ai Malama ta fi su sani, a bar ta da alli. Kunya ta kama ta, ta gyara zama. Malamar da ke tsayar da aji mai ɗalibi saba'in da kallo ɗaya, ta kasa tsayar da mota ɗaya.

Yashin hanyar Rafin Kuka a bazara sai wanda ya shiga. Tayoyi suka nutse, motar ta riƙa yunƙuri tana wujijjiga gangunan, allo ya koma zubar da uku-uku. Ashirin ta zama sha huɗu tun ba su bar ganin hasumiyar masallacin gari ba. Suna cikin haka Amatullahi ta ji wani abu ya canza, ta kasa gane mene ne, sai can ta gane: gurnanin famfo ne ya ɗauke. Motar ta ga abin da ya rage mata kaɗan ne, ta yanke wutar bayanta don ta ceci kanta. Duk cikin tafiyar nan ita kaɗai ce ta yi abin da lissafi ya ce.

"Famfo ya tsaya! Inusa, famfo ya tsaya!"

"Yanzu za mu kai, Malama."

Wani ɗan hoton kunkuru ya fito a allon, rawaya. Alhaji ya leƙa ya ce wannan kuma ado ne ko me? Motar ta koma tafiyar da mai jaki zai wuce ta. Inusa ya taka har ƙasa, yana jiran rezab ɗinsa ya taso. Shida. Huɗu. Biyu. A gefen wani ɗan ƙauye mai bukkoki, kilomita biyar kafin kududdufi, ta yi ɗan numfashi ta tsaya, ba tari, ba gargaɗa. A ƙarƙashin wata bishiyar bedi kuwa ga mai teburin ruwa-ruwa da kwalabensa jere suna ƙyalli a rana. Inusa ya daɗe yana kallonsu. Ya fita ya buɗe gaban motar, ya tarar da wurin ajiye kaya, ya rufe. Ya jijjiga ta da kafaɗa ko wani abu zai gangaro.

Amatullahi ta riga ta haye baya, zani a ɗaure. Kifayen sun taso saman ruwa gaba ɗaya, bakuna a buɗe suna haɗiyar iska. Ta fizgi ƙwarya daga hannun wata mata da ta zo kallo, ta riƙa ɗibar ruwan tana ɗagawa sama tana zubowa, ta koma ɗaya gangar ta yi haka, ta dawo. Matan ƙauyen biyu suka hau suka taya ta. Amma ruwan da ya wuni a rana, da kifi sittin a kowace ganga, ƙwarya ba ta isar masa. Ta farko ta juya cikinta sama, sai ta biyu, sai aka daina ƙirgawa. Aka ce a nemo amalanke, aka ce shanun suna daji. Aka ce a sake ruwa, aka ce rijiyar tana can gangare kuma guga ɗaya ce.

Alhaji yana tsaye a inuwa da waya a kunne, yana faɗa wa wanda ya sayar masa da motar cewa takarda ta ce ɗari huɗu da ashirin.

Wani mai kabu-kabu ya biyo ta wurin. Amatullahi ta tare shi, ta karɓi bokiti, ta cika da ruwa, ta riƙa cafko duk wanda ta ga yana da sauran ƙarfi, manya-manya masu bugun hannu. Tara ta samu. Ta hau bayan babur da bokitin a cinya, ruwa na fallatsa mata har fuska, ba ta ko waiwayi yayanta ba. A bakin kududdufi ta durƙusa, ta riƙa ɗaukarsu ɗaya-ɗaya tana juyawa kafin ta saka, yadda ma'aikacin tashar ya nuna mata. Na farko namiji. Na biyu namiji. A karfasa namiji ya fi girma, ya fi jure wuya, kuma cikin gaggawa masu ƙarfin ta zaɓa. Ta juya na tara, shi ma namiji. Ta sake shi, ta zauna a kan simintin, tana kallon maza tara suna kewaya kududdufin da aka haƙa don ƙyanƙyasa.

Abin da ya faru a ƙauyen bayan tafiyarta, washegari ta ji shi, domin gari ya ɗauka. Alhaji ya ce kada a bar abinci ya lalace, a raba wa bayin Allah. Gida-gida aka bi da kifi, har maƙwabtan ƙauye suka samu. Mutanen da rabonsu da ɗanyen kifi tun bara suka yi ta addu'a. Aka ce Alhaji Sallau a rana ɗaya ya shayar da gari guda ya ciyar da wani. Motar kuwa a can ta kwana biyu, sai da aka kai mata injin wuta mai shan esans, aka sayi kwalabe a teburin nan na ƙarƙashin bedi aka ɗura masa, ya yi ta hayaƙi a gefenta har ta farfaɗo. Wannan ɓangaren ba a cika ba da shi a zaure ba.

Da hantsin Lahadi Amatullahi na zaune a tsakar gida, takardun ɗalibai da jan biro a gabanta ba ta taɓa ko ɗaya ba, sai ga Hajiya Uwa matar Alhaji ta yi sallama da kwano a rufe. Suka gaisa. Hajiya Uwa ta ajiye kwanon, ta ce Alhaji ya ce a yi mata sannu da gajiya, abin da ya faru ƙaddara ce, kuma laifin yashi ne, ba na mota ba.

"Ya ce ba a manta da ke ba a rabon. Ga naki, ni na soya da hannuna. Manyan na zaɓar miki."

Amatullahi ta buɗe. Guda uku ne, sun soyu sun yi ja, an barbaɗa yaji. Ta sa yatsa ta ɓare cikin ta sama. Ƙwai ne cunkus, rawaya, sun dahu sun dunƙule.

Maganar ta taso mata tun daga ciki, duk wadda ta haɗiye tun daga zaure har tasha, da lambobinta a jere, ba wadda ta ɓace. Hajiya Uwa na tsaye da mayafi a kafaɗa tana jiran saƙon da za ta mayar. Amatullahi ta dubi ƙwan, ta mayar da murfin kwanon a hankali.

"Ki ce wa Yaya na gode," in ji ta.